Ranar da Sati Kamus Ya Yi Tafinta

Duk wanda ya ce Samaru ba ta haifi gwani ba, bai san Mista Sati ba. Shekara goma sha takwas yana buga wa ɗalibai kundin bincike a wani ɗan shago a bakin titi, kuma ka san zama da maɗaukin kanwa. Duk kalmar Turancin da ta haura gaɓa huɗu, in ta bi ta yatsunsa, a maƙogwaronsa take yada zango. Bai taɓa tambayar ma'anar ko ɗaya ba. Babban mutum ba ya tambaya. 'Yan acaɓa suka raɗa masa Kamus, ya karɓa hannu biyu, ya ƙara da taye.

Da Turanci ya cika ciki, sai Hausa ta rasa wurin zama. Bawan Allah ya yi ta fama. A kasuwar Sabon Gari yakan tsaya gaban mai kayan miya, ya nuna kuka da bakin biro.

"Akshuwali, yaya ma kuke kiran wannan fauda a yarenku?"

Da mahaifiyarsa, Mama Elizabeth, ta zo daga ƙauye da ƙullin gyaɗa, ta yi masa gaisuwa tiryan-tiryan, har da ta gajiya da ta iyali. Ya amsa duka da "Fayin, Momi." Tsohuwar ta daɗe tana kallonsa, kashegari ta roƙi fasto ya sa ɗanta a addu'a, don harshensa ya shanye.

Ana haka wata ƙungiya ta nemi tafinta. Wata ƙwararriya daga Ibadan, Dokta Mojisola, za ta koya wa manoma yadda ake ajiye masara ba tare da ƙwari sun cinye ta ba, kuma ba ta jin ko "zo". Aikin shekara biyu ne, da albashi da babur. Sati bai jira sakamakon gwaji ba. Ya sayar da injin buga takardunsa, ya miƙa makullin shago, ya shaida wa maƙwabta cewa ya zama konsoltan.

Ranar gwaji manoman ƙauyen Zabi suka cika inuwar mangwaro. Dokta ta faɗi magana ɗaya cikin Turanci mai sauƙi: a bar masara ta bushe sarai kafin a zuba ta a buhu. Sati ya gyara taye, ya yi gyaran murya ta hanci.

"Distingwish famas, akshuwali, metodolojin dihaidireshan ɗin nan fundamentali ne ga sostenabiliti, vis-a-vis konseptuwal firemwok."

Manoma suka gyaɗa kai, irin gyaɗawar ƙadangare. Haka aka shafe rabin awa. Dokta ta ba shi tsaba, shi ya raba wa jama'a ƙaiƙayi. Da ta nemi tambaya, ko tari ba a yi ba.

A gefe akwai Nnenna, mai sayar da buhuna a unguwar PZ, haifaffiyar Sabon Gari, ta kawo kaya tana jiran a sallame ta. Wani dattijo ya yafito ta.

"'Yata, ko kin tsinci wani abu a ciki?"

"Baba, cewa ta yi ku ciji ƙwayar. In ta yi ƙaras, ta bushe. In ba ta yi ba, a mayar da ita rana."

Wuri ya ɗau rai. Tambayoyi suka yi ta zubowa, Nnenna tana kaiwa tana komowa, har azahar. Kafin a tashi an rubuta sunanta a takardar aiki.

Sati bai karaya ba. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Ya riga ya gano matsalar: Turancinsa ya fi ƙarfin ƙauye. Ya tako wurin Dokta, ƙirji a gaba, don masana su jajanta wa juna. Ta riƙe hannunsa da tausayi na gaske, ta ce kada ya damu. Ita dai ba ta gane ko kalma ɗaya a jawabinsa ba, amma tun da ta zo Arewa ba ta taɓa jin Hausa mai zurfi irin tasa ba.