Rasuwar 'Yar Baƙa, Ma'ajiyar Malam Sama'ilu Mai Bidiyo

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, ake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Roni da kewaye rasuwar 'Yar Baƙa, ma'ajiyar nan ta kwamfuta da yara ke kira estanal, wadda ta yi zaman amana da Malam Sama'ilu mai ɗaukar bidiyon biki shekara da shekaru.

Marigayiya ba ta da jiki, tafin hannu ya ishe ta kwanciya, amma cikinta ya ɗauke bukukuwan rabin ƙasar Kazaure. Ta san amaryar da ta yi kukan gaske da wadda ta murza ido kawai, ta san wanda ya karɓi shinkafa sau biyu a walima, kuma ba ta taɓa kai gulmar kowa ba. Maganarta kaɗan ce. In an jona ta sai ta ce ƙirrr, ta ƙyafta ɗan shuɗin idonta, gaisuwa ta ƙare.

Abin da jama'a ba su sani ba shi ne, a cikinta Mas'uda take, matar Malam da Allah ya yi wa rasuwa bara waccan. Mutumin da ya ɗauki matan gari kaf, tasa ta gagare shi. Sau ɗaya tak ta faɗo cikin hoto, a bikin ƙanwarta Abu a Babura. Tana rabon waina ta ɗago ta ga kyamara, ta yi dariya ta ce, "Kai Malam, kawar da abin nan!" Iyakar muryarta da ta rage a duniya ke nan. Tun da yara suka watse gida ya yi masa faɗi, ita yake kunnawa bayan la'asar don ya ji an yi masa magana.

Ajali ya zo ne a jakar baƙo. Jamaluddeen, mijin 'yarsa Sadiqa, ya taso daga Kano da sabuwar kwamfuta siririya don ya kwafa wa matarsa muryar uwarta. To, tasa kwamfutar tsarinta daban ne da tsohuwar ta Malam, yadda wannan ke jera kaya ba haka waccan ke jerawa ba. Ta dubi marigayiya ta ce sam ba ta san ta ba, sai dai in an yarda ta shirya ta sabuwa.

Jamaluddeen na durƙushe, kai a ƙasa, ya ce, "Baba, wai sai an shirya ta. In danna?"

Malam ya so ya ce a dakata. Amma ta yaya mutum zai nuna wa surukinsa bai yarda da iliminsa ba, ga shi ko ruwa bai kai ga sha ba? Ya kau da kai ya ce, "Bismilla."

Ashe shirin share ɗaki ne ƙal, duk abin da ke cikin marigayiya ya goge. Shi kuma suruki kunya ta hana shi faɗa, ya cika ta da tafsiri ya ce tsaraba ce. Mai gyara a Kazaure ya ce da a wofinta aka kawo ta da an taɓuka wani abu, amma an riga an zuba sabon kaya a kan tsoho. Kunyar mutum biyu ce ta kashe ta, kuma har yau babu wanda ya ɗaga zancen a cikinsu.

Ta rasu ta bar guntuwar wayarta, da jakar fatar da aka ɗinka mata, da tsohuwar kwamfuta da ba ta da abin nunawa, sai kuma Malam, wanda yanzu la'asar ke yi wa tsawo.

Ba za a yi mata salla ba, mun san iyakarmu. Za a naɗe ta a farin ƙyalle a ajiye cikin kwallar Mas'uda ranar Asabar. Zaman makoki a ƙofar gidan Malam, tabarma ɗaya ta isa, kuma kada a wahala da kawo abinci. Sai dai duk wanda ya je bikin Abu aka ba shi faifan bidiyon bikin, Malam na roƙo don Allah ya duba ƙasan akwati, ko da ya karce.