Ranar da Na Kashe Gobara a Kan Gilashin Surukina

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da muka je Bukan Sidi gyaran gilashin mota ba. Ko na so in manta ma, matata ba za ta bari ba.

Surukina, mahaifin matata, yana da wata tsohuwar jif koriya wadda ta girme ni. Irin motocin nan ne na shiga daji, gilashin gabansu guda biyu ne miƙaƙƙu, da ƙarfe a tsakaninsu. Da ita yake zuwa gonarsa ta bayan Agyaragu, inda idan ruwa ya sauka babu motar da ke iya shiga sai ita. Ba ya ba kowa aronta, har 'ya'yan cikinsa. Ni kaɗai ya taɓa yarda da ni, wai ina da natsuwa. (Kimiyya nake koyarwa a sakandare, kuma wannan ne ya ƙara wa abin muni.)

Ranar da na ɗauke ta zan kai masa taki gona, sai na manne wa wata tifa a baya don gaggawa. Tsakuwa ta fallo ta daki gilashin ɓangaren direba, ya tsattsage gaba ɗaya. Da kai a waje ta taga na dawo gida. Baba, wato surukin nawa, bai yi faɗa ba. Ya shafa gilashin da tafin hannu ya ce, "Allah ya tsare gaba." Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Kwana uku ina zagaya masu sayar da kayan mota a Lafiya. Wani ya yi mini dariya, wani ya tambaye ni ko kakana ne ya bar mini gado. Ga hadari ya fara haɗuwa, ga sauran takin jibge a zaure. A rana ta huɗu Baba ya shiga sito ya fito da wani abu a nannaɗe cikin bargo. Gilashin wata tsohuwar bas ne da ya ajiye shekara da shekaru.

"Shi ke nan gare ni, babu wani," in ji shi. "Mu je wurin Akwe ya yanka mana."

Baba Akwe tsohon mai yankan gilashi ne, siriri, tabaransa ɗaure da zare, rumfarsa a gindin wani mangwaro kusa da kanikawa. Ni kuwa na kalli bidiyo biyu a waya kafin mu fito, don haka ina jin kaina rabin gwani. Tun kafin mu zauna na fara yi masa bayanin yadda ake auna gilashi a ƙasashen waje.

"Surukina ne, malamin kimiyya," in ji Baba, da ɗan alfahari a muryarsa.

Baba Akwe ya dube ni ta saman tabarau. "Tica, sannu. To riƙe mana wannan." Ya miƙo mini bokitin ruwan sabulu, wanda za a shafa wa robar gilashin in an zo sakawa.

Daga nan bakina ya mutu, don abin da na gani ya fi ƙarfin bidiyo. Ya ɗora kwali a ramin gilashin motar, ya bi gefen da farcen babban yatsa, ya yanke. Ya shimfiɗa gilashin bas ɗin a tebur, ya ɗora kwalin, ya ɗauko wani ɗan ƙarfe kamar biro ya ja layi sau ɗaya tak. Ya juya gilashin ya sake jan wani a bayansa, daidai kan na farko, ba ruwansa da ma'auni. Sai ya ƙwanƙwasa da gindin ƙarfen, tsaga ta bi layin tiryan-tiryan kamar an umarce ta. Amma gilashin bai rabu ba.

"Baba Akwe, bai yanku ba fa," na ce.

Bai kula ni ba. Ya jawo wata kwalba ya tsiyaya wani farin ruwa a kan layin. Ya ƙyasta ashana.

Wata shuɗiyar wuta ta kama ta ruga daga wannan gefe zuwa wancan. Ni dai abin da na gani shi ne gilashin surukina guda ɗaya tilo yana ci da wuta, ga mota cike da fetur taku uku daga wurin. Ban san lokacin da na kurma ihu ba. "Gobara! Jama'a gobara!" Na ɗaga bokitin nan na sheƙa shi gaba ɗaya.

Wuta ta mutu. Sai muka ji wata 'yar ƙara, ƙas, wata sabuwar tsaga ta ratsa gilashin a karkace, ta inda ba a nufa ba. Ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi. Ni da bakina na sha koya wa ɗalibai abin da ke biyo bayan wannan.

Na ɗago kai a hankali. Farar babbar rigar Baba ta jiƙe sharkaf, kumfar sabulu na zaune a kan hularsa. Kanikawa sun rugo da yashi a kwano, suka tarar da ni riƙe da bokiti ba komai a ciki. Wata mai sayar da dafaffiyar gyaɗa ta dafa bishiya tana dariya har da hawaye. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma gilashi kaɗai ne ya tsage ranar.

Baba Akwe ya cire tabarau ya goge da gefen riga. "Tica," ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, "wannan gilas biyu ne, leda yana tsakiya. Sifirit ne na zuba, wuta zai narka leda kawai. Tun ina saurayi ina kunna shi, ba wanda ya taɓa kashe mini sai kai."

Baba bai dube ni ba. Gilashin yake kallo, kuma a fuskarsa na ga gonar da ba za a kai wa taki ba. "Akwe, ya tashi aiki ke nan?"

Baba Akwe ya mayar da tabaransa. Ya goge gilashin ya bar shi ya bushe, ya ɗauki kwalin nan ya ɗora a kan ɓangaren da ya tsira. Bai isa ba. Ya juya shi, bai isa ba. Ya karkata shi, ya matsa da shi kaɗan-kaɗan, har ya zauna, tsakaninsa da tsagar da na jawo bai fi faɗin ƙwayar shinkafa ba.

"Alhaji, zai yi. Amma in hannu ya yi rawa, shi ke nan."

Ban taɓa ganin hannu irin nasa ba. Mutumin da in zai ɗauki kofin shayi sai ka ga yana karkarwa, yana kama ƙarfen nan sai hannun ya tsaya cak. Sau huɗu ya ja layi gaba da baya, sau huɗu ya kunna wuta. Kowane karo sai ledar ta yi laushi, ya ɗan buɗa tsagar ya bi da reza, gefen ya fita sumul. Kanikawan da suka rugo da yashi suka tsaya kallo. Ni kuwa ina can gefe na haɗe hannuwa a baya, ina salati a zuci.

Ya goge gefunan da dutse, ya sa wa gilashin robarsa, ya cusa siririyar igiya a cikin ramin robar ta zagaye shi. Ya haɗa sabon ruwan sabulu (da kansa, bai aike ni ba) ya shafa. Sannan ya ce, "Tica, shiga ciki. Zan danna daga waje, kai ka ja igiya a hankali."

"Akwe, ka tabbata?" in ji Baba. Wannan tambayar ta fi dariyar mai gyaɗa zafi.

"Bar shi, Alhaji. Yau ba wanda zai kai shi ja a hankali."

Gaskiyarsa. Na ja igiyar nan gumi na zuba, leɓen robar na biyo ta yana hawa kan ƙarfe da kansa, har na zagayo inda na fara. Baba Akwe ya ɗan mari gilashin da tafin hannu, ya zauna daram. Ko digon ruwa bai taɓa shiga ta wurin ba har yau.

A hanyar gida Baba ne ke tuƙi, rigarsa na ƙamshin sabulu. Da muka yi nisa sai ya yi gyaran murya.

"Malam, makarantar taku akwai ɗakin gwaje-gwaje?"

"Akwai, Baba."

Ya gyaɗa kai. "To, Allah ya tsare 'ya'yan mutane."

Na ce amin, don babu abin da ya rage mini in ce. Tun daga ranar, idan na je wurin mai sana'a, hannuwana cikin aljihu suke zama. Ko wuta na ga ya kunna, sai na fara duban fuskarsa tukuna, in bai gudu ba ni ma ina nan.