Likitan Tsaki Mai Manja

Ranar da 'yan tsakina talatin suka taru suna saran guda har ya yi jini, Inna ta leƙo ta ce, "Shafa mishi baƙin tukunya. In sun ga ja, ba su bari."

Dariya na yi mata. Ni da na yi kwas ɗin kwana uku a Boɗinga, tsohuwa za ta koya mini kiwo? Na ɗauko manja na shafe mai ciwon, sauran ma na bi su ɗaya-ɗaya don riga-kafi.

Kafin la'asar kowa na saran kowa. Bakwai suka tsira, su ma da sanƙo.

Inna ta duba ta ce, "Saura albasa da gishiri, Likita."

Har yau in na ratsa kasuwar Dandin Mahe, mai manja sai ya ɗaga kwalba: "Likita, allura ta iso!"