Fitilar da ke Juya Ƙwayar Jini

"Lahiya lau, mijin ƙarya. Kai kuma da rana tsaka, koro ka aka yi daga Gusau?"

Inna Kulu ke nan, tana kaɗa nono a ƙofar ɗakinta a Kucheri. Jikanta Mas'udu ya durƙusa da takarda a hannu. An kira shi karatu ƙasar waje, babansa kuma ya ce ba inda za shi sai tsohuwa ta yarda. Gobe wa'adin amsa ke cika.

"Sakinki na zo yi, mai haƙori biyu. Turawa na nemana."

"Su yi mi da kai? Kai da ɗan maraƙi ya kayar?"

"Aikin haske. Akwai wata fitila, haskenta ya fi gashi siranta. Da shi ake kama ƙwayar jini guda, da ranta, a juya ta kamar waina."

"Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya! Shekara saba'in rana na dukana, ba ta taɓa juya ni ba."

"Ke ai ko tirela sai ta yi nishi."

Ba ta yi dariya ba. Ta ture ƙwaryar gefe.

"Haka kawunka Dogo ya ce mini, karatu. Shekara goma sha biyu, ko wasiƙa. Ban yarda ba."

Mas'udu ya waiga wajen ƙofa. Daga cikin ɗaki ana jin nishin ƙanwarsa Huseina, kwana uku ke nan sikila ta kwantar da ita.

"Inna, ƙwayoyin jinin Huseina ne ke lanƙwashewa kamar lauje. So nake in riƙe guda, in juya ta, in ga yadda take taurarewa."

"Fitilar na warkarwa?"

"Ba ta warkarwa. Nunawa kawai take yi. Maganin, ƙila a kai gare shi, ƙila ba a zamaninmu ba."

Ta kafe shi da ido. Shi ko motsi bai yi ba.

"Da ka ce tana warkarwa, da da muciya zan raka ka."

Ta kwance bakin zane ta ciro farin goro.

"Ungo, kai wa ubanka, ya san ma'anarsa. Kuma duk wata ina son wasiƙa."

"Wa zai karanta miki?"

Sai ta tuntsire da dariya, tana share ido.

"Huseina mana. Ai dole ta tashi, kai mummuna."