Watan Malam Iliyasu na Bana

"Lahiya lau, in ban da ke da kinka zo ɓata mani yammaci," in ji Malam Iliyasu.

Yana zaune bisa tudun yammacin Achida, inda ya yi shekara talatin yana duban jinjirin wata. In ya ce ya gani, hakimi ba ya sake tambayar kowa. To amma bana, ga shi ashirin da tara ga Sha'aban, bawan Allahn nan da rana ta faɗi ko tafin hannunsa ba ya gani, kuma ya ɓoye wa kowa. Turai taubashiyarsa ma, 'yar kawunsa, da murya ya gane ta.

"Kai da ka wuni ƙunshe cikin ɗaki awa jemage, wane yammaci gare ka?"

Ya ce ai hutar da ido yake yi, duhu ke wasa shi, amma ina mai tallar albasa za ta san wannan.

"In duhu na wasa ido, da gafiya anka ba duban wata."

"Ke dai matsa. In ya leƙo ya ga fuskarki, komawa zai yi sai baɗi."

"Bara ba sanƙonka mutanen Goronyo sunka hango sunka ɗauki azumi ba?"

Ya yi dariya, amma wallahi ta yaƙe ce. Wata shida ke nan abin ke cinsa. Da rana haske ya soke shi, ido ya yi ta zubar ruwa, kai ya sara. Da magariba kuwa sai ka ce an kifa masa kwando. Shekara da shekaru yana ƙura wa rana ido don ya riƙe gurbin faɗuwarta, yau ga inda abin ya kai shi. Tsoro yake ji, tsoro sosai.

Can sai Turai ta ce, "Ga shi can bisa kukar! Mai tallar albasa ta riga malam."

"Tun ɗazu na gan shi," in ji shi da sauri. "Ƙyale ki na yi ki samu abin faɗi."

Turai da ba ta taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba, sai ta sassauta murya, babu wasa a ciki.

"Iliyasu, kukar nan tun damina anka sare ta. Kuma hadari ya ruhe yamma."

Ashe gwada shi ta yi. Da ba ita ba ce, da wani ne ya nuna masa, da yanzu yana ƙofar hakimi da shaidar zur, gari ya tashi da azumi bisa kunyarsa. Ya tambaye ta tun yaushe ta sani.

"Tun ran da ka shigo gidanmu ka gaida turmi, har kana tambayar shi mi ya samu ƙahwarshi."

Dariya ta ƙwace masa, hawaye na biye da ita. Ta danƙa masa ƙunshi mai ɗumi, gasasshiyar hanta, ta ce an ce tana maganin dundumi, in ba ta yi ba jibi sai asibitin ido a Sakkwato, ko da jansa za ta yi.

"Ba dundumi ba na, Turai. Hasken na ke tahiya. Na bar tudun ga, kin ci."

Ba ta musa ba, wannan ya fi komai yi masa ciwo. Ta dai warware farin mayafinta, ta tsaya gabansa.

"Wanga hwa, kana gani?"

"Dishi-dishi."

"To ga watanka na bana. Tashi ka bi shi, tsohon banza."

Ya laluba sandarsa, ya bi farin har gida.