Yadda Likitan Jijiyoyi Zai Shugabanci Kwamitin Kwamfuta Alhali Bai Iya Kunna Ta Ba

Kai likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, saurara. Sau ɗaya ka yi fashin taro, aka naɗa ka shugaban kwamitin mayar da fayilolin marasa lafiya cikin kwamfuta. Ran Alhamis shugaban asibiti zai zo ka buɗe masa fayil ɗaya a gaban nas-nas, kai kuwa ko kunna ta ba ka iya ba. Ban yi boko mai nisa ba, amma shekara tara ina kawo surukata layinka, daga kan benci na ga komai. Bi matakan nan, mutuncinka zai tsira, babu makawa.

1. Kada ka tambayi kowa

Babba ba ya cewa "ina ake dannawa?" Sauko da tabarau kan hanci, ka ce "Hmm." Rabin shugabanci ke nan.

2. Duba ta kamar mara lafiya

Haska tocila a idon kyamararta. Ɗaga yatsa ka ce, "Bi shi da kallo." Ɗauko 'yar gudumar robar nan da kake bugun gwiwa da ita, ka ƙwanƙwasa gefenta. In ba ta zabura ba, girgiza kai.

3. Faɗi cutar

Murtuke fuska ka ce, "Shanyewar ɓarin jiki ce." Idan Sista, babbar nas, ta sunkuya ta jona waya a soket, allo ya kawo haske, kada ka daburce. Ce, "Ta farfaɗo. Dama na sa rai."

4. Lambar sirri

Nan manya ke zubewa. Kai mai ba tsofaffi kalma uku su riƙe minti biyar, taka ta gagare ka. Abin kunya! Rubuta ta a tafin hannu, amma ka kiyayi sabo. Wanda ya riƙe kujerar kafin kai haka ya yi. Shugaban asibiti ya shigo, suka gaisa, likita ya juya famfo ya wanke hannu tas da sabulu, yadda ya saba. Ya tsaya gaban allo yana leƙen tafinsa.

Sista ta jawo kujera. "Likita, zauna. Yau wace rana? Ka san inda kake?"

"Sista, bana son raini!"

"Ga saurin fushi kuma," in ji shugaba. "Yankar masa kati."

Don haka ran Alhamis, hannu a aljihu.

Gargaɗi: in aka kwantar da kai a ɗakin da kake zagaye, babu hannuna, ban san ka ba. Ka dai miƙa wa Sista fayil ɗin surukata, na takarda, kafin su ba ka gado.