Yadda Ake Canza Boris a Gaban Uban Budurwa Ba Tare da An Ce "Ban Iya Ba"

Zauna, ɗalibina, ka kwantar da hankalinka. Idan ka taɓa shan shayi a barandar uban budurwarka, bakinka ya zame ka ce ka san mota, alhali iyakar saninka da ita wurin zama ne, to wannan darasi naka ne. Shekara talatin na yi ina koyar da kanikanci a nan Klaten, a tsibirin Java, kuma ina ba ka tabbaci: duk wanda ya bi matakan nan zai gama aiki mutuncinsa bai ko ƙwarzane ba. Zan riƙa yi maka misali da Gunarto, mai sayar da yadi a kasuwa, wanda ya bi shida daidai, ya kauce a na bakwai.

Mataki na 1: Karɓi aikin da murmushi

Gunarto yana neman Tutik, 'yar Pak Marjuki (Pak shi ne Baba a wajenmu), tsohon bakanike da ya rufe gareji amma ya ƙi rabuwa da injin matsinsa. Wata takwas yana sintiri, tsohon bai ce e ba, bai ce a'a ba, kuma ba za a sa rana ba sai ya ce e. Wata Lahadi da hantsi tsohon ya ajiye kofi, ya kira shi da Nak, wato ɗana.

"Nak Gun, ka ce ka san mota?"

"Kaɗan-kaɗan, Pak."

"Tayar motata ta gaban hagu tana gurnani. Boris ne. Ga sabo, ga inji can baya." Ya nuna hanya da babban yatsa. "Monggo."

Ka san monggo: ita muke ce wa baƙo ya shigo, ya ci, ya wuce gaba. Uban budurwa ba ya taɓa cewa ka yi kuskure. Monggo kawai yake cewa. Kai dai ka sunkuya ka yi godiya.

Mataki na 2: Yi datti tun kafin ka fara

Hannun da ya saba shafa yadi yana tona asiri. Lakaci giris ka goga a damtse, ka ɗan ɗiga a goshi. Gunarto ya yi haka, sai ga Tutik da farantin soyayyen rogo. Ita Mas take ce masa, wato yaya, shi kuma ya ce mata Dik, wato ƙanwa.

"Mas, ko taya ba ka cire ba, ya aka yi giris ya hau goshinka?"

"Haka aikin yake, Dik."

"To. Saura kunnen hagu, bai samu ba."

Kada ka biye wa budurwa. Ita a garejin ta tashi.

Mataki na 3: Kai sabon boris firiza

Wannan gaskiya ne tsantsa, ka riƙe shi: sanyi yana sa ƙarfe ya ɗan tsuke, sai ya shiga gidansa da sauƙi. Amfaninsa na biyu, duk wanda ya gan ka da ƙarfe a bakin firiza zai ɗauka ka daɗe a sana'ar.

Sai dai firizar ta Bu Sarmi ce, uwar Tutik (Bu shi ne Mama a wajenmu).

"Kuma dai? Ƙarfe a kan kifina?"

Gunarto bai tsaya tunanin wannan "kuma dai" ba. Ya ga wani ƙunshi mai nauyi a can lungu, naɗe da jarida, ya tura shi gefe ya ajiye nasa. Ya yi daidai. Mai neman aure ba ya buɗe ƙunshin gidan surukai.

Mataki na 4: Kwance, kana neman ilmi a ɓoye

Ɗaga motar da jak, ka sa mata abin tokare. Cire taya, cire birki, kwance babban noti, ka fito da gidan boris gaba ɗaya. Duk inda ka kakare, riƙe ciki ka nemi banɗaki. Can za ka ciro waya ka kalli yadda ake yi.

Sau huɗu Gunarto ya je. A na huɗun Bu Sarmi ta tare shi da ruwan citta mai zafi.

"Sannu, Nak. Yajina ne ko? Shanye duka."

Shanye. Ilmi ba ya zuwa a banza.

Mataki na 5: Fuskanci injin

Ɗora gidan boris a kan injin, ya zauna daram. Ja hannun a hankali har cibiyar da taya ke ɗaurewa a kanta ta fita. Za ka ga wani siririn zoben ƙarfe kwance a cikin tsaga, shi ke hana boris zamewa. Cire shi. Sannan ka matso tsohon boris waje. Zai yi shiru, ya yi shiru, sai ka ji ƙwas! kamar an harba bindiga. Kada ka zabura. Idan ka riga ka zabura, ka ce, "Yauwa, ƙarar da nake jira ke nan."

Gunarto ya faɗi haka daga bayan bishiyar mangwaro.

Shi kuwa zoben, tun da ya ɓalle ya yi tsalle ya gangara ƙarƙashin kujerar Pak Marjuki. Tsohon ya sunkuya, ya ɗauka, ya ajiye a farantin kofinsa.

Mataki na 6: Shigar da sabo

Goge ramin tas, shafa giris kaɗan, ɗauko boris da sanyinsa. Ɗora tsohon boris a kansa ka matsa, don nauyi ya sauka a kan bakin waje kawai. Wanda ya danna tsakiya ya kashe boris tun bai ga titi ba. Gunarto ya yi wannan ba kuskure, boris ya zame ciki sumul. Daɗi ya kama shi, ya rarumo cibiyar.

Pak Marjuki ya yi gyaran murya. "Nak Gun, yanzu cibiya za ka sa?"

"E, Pak."

"Yanzu-yanzu?"

"E, Pak."

"Monggoooo."

Idan ka ji an ja ta haka, ka ɗauka yabo ne. Ƙwararre ba ya waiwaye.

Mataki na 7: Abin da ya yi saura

Ko wane aiki yana barin ɗan ƙarfe. Sa shi a aljihu. Idan an gani, ka ce masu ƙera mota suna sa ƙari don ado.

Gunarto ya gama, ya miƙe yana goge hannu, sai ya ga tsohon yana juya zoben a yatsa. Ya dubi cibiyar: ta rufe tsagar ruf. Zoben ba zai shiga ba sai an fitar da ita, ita kuma ba za ta fita ba sai ta tsaga sabon boris biyu. Maganar ado tana kan harshensa. Sai ya tuna ranar Sallah motar nan za ta hau tsaunukan Wonogiri, kuma Tutik a gaban hagu take zama, daidai kan wannan tayar.

A nan ya watsar da duk koyarwata.

"Pak, ban iya ba. Awon yadi na iya. Wannan a banɗakinku na koya."

"Na sani, Nak. Bangon banɗakin bai kai rufi ba. Har mai bidiyon mun ji yana cewa kada a manta zobe." Ya ɗaga murya. "Bu! Kawo na biyun!"

Bu Sarmi ta fito da ƙunshin jaridar nan yana hayaƙin sanyi, ta dangwarar a kan benci, ta dubi mijinta.

"Shi ɗaya kawai ya ɓata. Kai kuwa guda uku ka fasa a gaban babana, kuma har yau ba ka ce ba ka iya ba."

"Bu, akwai baƙo."

"Wane baƙo? Mutumin da ya shiga banɗakina sau huɗu?"

Tsohon ya tashi ya naɗe hannun riga, ya sa wa Gunarto zoben a tafin hannu. "Riƙe wannan, kada ya sake gudu. Idan mun gama, ka ce wa babanka ya zo bayan Sallah mu duba kalanda." Ya nuna gefen injin da babban yatsa. "Monggo."

Gajera ce wannan karon.

Gargaɗi

Wanda ya rubuta wannan darasi ba ruwansa da tayar da ta riga mota isa gari, ko yatsan da injin ya lallatsa, ko kifin da ya ɗauki warin giris. Kada kuma ka yi koyi da Gunarto ka ce ni na sa ka. Shi mace kawai ya samu, mutuncinsa na bakanike kuwa ya tafi har abada: in mota ta lalace a gidan, Tutik ce ke jan injin, shi yana riƙe zobe. Idan duk da haka ka nace sai ka bi tasa hanyar, ni ba na hana kowa. Monggoooo.